Filafilin Katako a Bayan Ƙofa

Ina cikin takaba aka fara buga ƙafa a saman kaina. Gidanmu a Villeurbanne, nan Faransa, ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, taga ɗaya ce ke kallon hanyar taram, jirgin ƙasan cikin gari. Maigidana yana kwance a maƙabartar bayan gari. Inna kuwa kullum sai ta kira daga Madarunfa: idan na fita takaba in tattara yara in dawo gida.

Masu buga ƙafar 'yan Indiya ne, maƙwabtanmu na sama. Rawar masuntan ƙasarsu suke koya wa yaran unguwa don bikin ƙarshen shekarar lakwal, wato makaranta, kuma 'yata ta fari tana cikinsu. Wata rana ta sauko da ƙaramin filafili na katako, ta gwada mini a tsakar ɗaki. A jere suke tsayawa, su yi ta tuƙi, su yi gaba su yi baya kamar igiyar ruwa na ɗaga su, daga nan su jefa taru su jawo. Na lura duk tuƙin nan ba ta bar kan tabarmar ba.

"Mama, haka Kaka yake yi?"

Na ce a'a, kakanki bai da jirgi. Kan ƙaton gora yake kifa cikinsa a tabkin Madarunfa, ya yi tuƙi da hannu, kifin da ya kama ya zura a bakin goran. Ta yi dariya har ta zauna. Rabon da in ji dariya a ɗakin nan tun kafin a kai babansu asibiti. Ta ce in gwada mata. Na kifa ciki kan matashi, na gwada.

Ganin ta sake, sai na yi tambayar da na daɗe ina riƙewa.

"Za ki je ki ga tabkin?"

"Sosai ma! Lokacin bakansi, in an ba mu hutu. Sai mu dawo gida kafin a koma lakwal." Ta ɗauki filafilinta. "Ai ba za mu bar Baba shi kaɗai ba."

Ban je bikin ba, kwanakin takabata ba su cika ba. Da suka cika Inna ta kira, ta ce yaushe. Na ce yara suna karatu tukuna. Ta ce to, Allah ya kaimu. Ba ta sake tambaya ba.

Filafilin yana nan bayan ƙofa, tare da tsintsiya.