Kifayen da na riƙa mayarwa ruwa

A lokacin ni ne Sarkin Ruwa a ƙauyenmu, can ƙasar Bukkuyum. Ubana na gada, kuma karatuna bai wuce na allo ba sai ɗan yaƙi da jahilci. Tafkinmu rufe shi ake yi shekara guda, ba mai jefa homa sai ranar su, kuma da bakina ake buɗe shi.

Ɗan ƙanena ya dawo daga birni da sana'ar gwangwan. Yakan sayi matattun batiran sola da tsofaffin wayoyi da rediyo, ya fasa, ya ƙona, ya cire jan ƙarfe da dalma. Innarsa ta ce ko ya fitar da wannan wari daga gida ko ita ta fita. Ya zo ya durƙusa ya ce Baba, a taimaka masa da wuri. Ni da kaina na nuna masa gindin wata ƙirya a bakin tafki, don can ba gidan kowa. Damina ta zo ta kwashe tokar duka ta zuba a ruwa, ni kuwa har daɗi na ji wurin ya yi fes.

A su na uku bayan haka na fara ganin abin da ban gane ba. Tarwaɗa mai lanƙwasasshen baya, karfasa ido ɗaya babu ko gurbin na biyun, kwaɗo da ƙafa biyar. Na ji tsoro kada a ce mutanen ruwa sun juya mini baya. Sai na bi masunta ina karɓe irin waɗannan, ina cewa ba su isa kamu ba, ina mayar da su ruwa. Masu kyan gani kuwa, rabon gidan Sarkin Ruwa, na aika wa 'yata mai ciki don tana kwaɗayin romo.

Malamin asibitinmu, wanda ya ga yadda gubar dalma ta kashe yara a ƙauyen Dareta, shi ya ga tokar ya tare ni. Ya ce gubar tana shiga har cikin ƙwan kifi ta ɓata halittar tun ba a ƙyanƙyashe ba, wani lokaci ma ta bi zuri'a. Na tambaye shi ko mayarwar da na yi ce ta yawaita su, ya ce bai sani ba. Na ce to 'yata fa? Ya ce a kai ta awo.

Ta haihu. Ranar suna na karɓi jaririn na yi ta shafa bayansa ina duba idanunsa, har ungozoma ta ce Sarki, wannan fa ba tarwaɗa ba ce, in miƙo mata yaro. Aka yi dariya, ni ban iya ba, don malamin ya ce wani abin ba a ganinsa sai yaro ya fara tafiya.

An ɗauke sana'ar daga bakin tafki, na kuma hana kamun kifi, an shiga shekara ta biyu ke nan. Mutane na ta gunaguni, ni kuma ban san ko ruwan ya warke ba, ban ma san wanda zan tambaya ba. Abin da na gane kawai shi ne ɓoyewar da na yi ta fi ba da wurin muni. Duk wanda aka ba amanar ruwa, kada ya bari a ƙona kayan lantarki a bakinsa, in kuma ya ga abin da bai gane ba ya faɗa tun da wuri. Jikan nawa ya fara kama bango yana miƙewa. Kullum ina zaune ina kallon ƙafafunsa.