Kawu Isa da Mai Unguwar Na'urori

Duk wanda ya yi aiki da mu a ofishin fitar da kaya kusa da tashar jiragen ruwa ya san Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata, ba ya gaida mutum da safe sai ya gaida na'urorinsa. Yakan sauko daga babur daga unguwar New Bell, ya wuce mu duka, ya leƙa ɗakin wayoyi: "Mai Unguwa, an tashi lafiya?"

Mai Unguwa shi ne babban suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocinmu ke haɗuwa. Kawu ya raba rezo, wato haɗin kwamfutocin nan, gida-gida, masu takardun kwastan daban, direbobi daban. A jikin Mai Unguwa kaɗai yake rubuta rabon, sauran suwic huɗu su kwafa.

"Ba ni bin yara ɗaki-ɗaki," in ji shi. "Babba ya faɗa, ƙanana su ji."

Wata rana patron, mai kamfanin, ya ce a sayo rauta, na'urar raba hanya, don haɗa gidajen. Kawu ya dube shi da tausayi.

"Patron, Mai Unguwa na raba hanya da kansa. Mai jaki ba ya neman ɗan dako."

Shekarar korona jirage suka ragu, kowa na tsoron sallama. Patron ya samo tsohon suwic don ƙaramin reshenmu a unguwar PK 14, ya ce a jona shi yanzu a gwada. Sai Kawu ya zauna daram a kan kwalin.

"Isa, tashi."

"Wannan tsoho lambar gyaransa ta fi ta Mai Unguwa, su kuwa ƙananan mai babbar lamba suke bi. Yana shiga, duk su bi maganarsa, rabonmu ya goge, kayan mutane su ruɓe a tasha."

"To, sai yaushe?"

"Sai na gama shayina."

Ya sha kofi biyu, patron na tsaye. Sannan Kawu ya kunna suwic ɗin shi kaɗai, ya nuna wa patron lambar, ya mayar da ita sifili.

"Yanzu ya yi alwala. Ya shiga sahu."

Ni kuwa sakatariya ce, amma kullum sai ya ja ni gaban allon.

"Kawu, ban karanta wannan ba."

"Hadiza, na'ura ba ta tambayar difloma."

Ashe ya san ciwon da ke jikinsa, mu ne ba mu sani ba. Yau ni ke riƙe da rezon, reshen PK 14 ya ɗauki mutum uku, ba a sallami kowa ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yalwata maka makwanci, ya sada ka da iyayenka cikin rahama. Amin.