Inna Kulu da Kifin Mutane

Ina cikin aji a nan Sakkwato aka ce ana sallama da ni a ƙofar makaranta. Na fita na tarar da Malam Garba, direban da ke jigilar busasshen kifi daga Yelwa, tsaye a jikin motarsa. Mutum ne mai surutu, sai ya gama ba ni labarin hanya kaf kafin ya miƙo saƙo. Ran nan bai ce komai game da hanya ba. Ya ce, “Malama, sai haƙuri. Inna ta riga mu gidan gaskiya jiya da la'asar, an yi mata sutura tun kahin magariba.” Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi ko ta sha wuya. Ya ce zazzaɓi ne bai daɗe ba, kuma da kalmar shahada ta cika. Na yi kuka sosai, amma na gode wa Allah.

Sunan mahaifiyata Hauwa'u, duk bakin tafki kuwa Inna Kulu ake ce mata. Tun da ruwan dam ya ci tsohon ƙauyenmu na wajen Ngaski aka tashe mu zuwa tudu, sana'arta ɗaya ce, banda. Masunta su kawo mata ɗanyen kifi, ta gyara, ta jera a kan wuta, hayaƙi ya busar da shi, su kwashe su kai kasuwar Yelwa. Wanda bai san aikin nan ba ba zai gane nauyinsa ba. Kifi yana ƙanƙancewa a kan wuta, wani ya farfashe, wani ya ƙone, kwando cike ya dawo rabi. Mai kifi ba shi da yadda zai gane abin da wuta ta ci da abin da mai banda ta ci. Saboda haka jarin mai banda sunanta ne, ba ta da wani. Inna takan ce, “Kihin mutane baƙo na, sai na raka shi gida.” Mu 'ya'yanta ko kan tarwaɗa ya faɗo ƙasa ba mu isa mu kai shi baki ba, sai a mayar cikin kwandon mai shi.

Bayan ta yaye ƙaramin ƙanena ne jikinta ya fara buɗewa. Da fari barka aka riƙa yi mata, don a wajenmu ƙiba alamar kwanciyar hankali ce. Sai abin ya ƙi tsayawa. Fuska ta kumbura, ƙafafu suka yi nauyi, zanen da take ɗaurawa ya daina zagayowa.

Tana da wani taubashi, Baba Nomau, masunci, wanda bakinsa ba ya hutawa. Wata ranar kasuwa, mutane cike a bakin ruwa, ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, ku dubi ikon Allah! Kihinmu na ramewa bisa wuta, Kulu na cika ƙohwa. To ina naman ka zuwa?” Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, ta ce masa, “Naka kihin ko kyanwa ba ta ƙiba da shi.” Haka al'ada ta ce, wasan taubashi ba a fushi da shi, ba a kai shi ƙara. Sai dai wasan bai mutu a kasuwa ba. Ya bi kwalekwale ya shiga ƙauyuka, kuma waɗanda suka ɗauke shi ba taubasanta ba ne. Ba wanda ya taɓa ce mata ɓarauniya. Kawai kwandunan da ke zuwa ƙofarmu suka riƙa raguwa, wanda ya kawo kuma sai ya samu dalilin zama kusa da wutar har kifin ya bushe. Na ji ta tana ce wa babanmu, “Da wani na ya hwaɗi haka da na kai shi gaban Sarkin Ruwa. To taubashi na, mi za ni cewa?”

Ta yanke shawarar cewa jikin da ya jawo mata zargi shi zai wanke ta. Ta haramta wa kanta kifi gaba ɗaya, mace mai wuni cikin ƙamshinsa. Ta bar man shanu, ta bar fura, tuwon dare ta mayar da shi loma kaɗan. Ta riƙe azumin Litinin da Alhamis. Ta sha jiƙon tsamiya da lemun tsami har haƙoranta suka mutu. Ta karɓe taɓarya daga hannunmu ta ce ita za ta riƙa daka. Inda ake shiga jirgi ta zagaya da ƙafa, da kwando a ka, ta iso tana haki. Shekaru tana wannan, jiki ko gezau, sai ma ƙaruwa. Mutane kuwa suka ce ai wanda ba ya ci a gaban jama'a yana ci a ɓoye. Har yau in na tuna wannan maganar raina yana ɓaci.

Akwai wasu abubuwan da muka gani ba mu haɗa su da ƙibar ba. Cikin zafin bazara tana gaban wuta lulluɓe da zane tana cewa sanyi take ji. Muryarta ta dushe, muka ce hayaƙi ne. Gashinta ya zube, barci ya riƙa sace ta tana zaune. Ta je ɗakin shan magani, amma ma'aikacin namiji ne, ita kuwa ta naɗe mayafi har haɓa, ta ce masa kasala ke damunta. Ya ba ta maganin ƙarin jini. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce mata sannu da jiki. Wa zai je dubiyar mai ƙiba?

Allah ya kawo sauƙi ta hanyar haihuwata ta fari. Ta zo Sakkwato yi mini wankan jego, kuma muna da maƙwabciya ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila. Ta shigo barka ta tarar da Inna a tsakar gida ba mayafi, tana dafa ruwan wanka. Suka gaisa, sai na ga ta tsura wa wuyan Inna ido. Ta ce, “Inna, haɗiye yawu in gani.” Ta shafa gaban wuyan, ta tambaye ta sanyi, ta tambaye ta barci, ta tambaye ta gashi. Inna ta dube ni ta ce, “Ke kinka gaya mata?” Na ce wallahi ban gaya mata ba.

Sista ta tura mu asibiti, aka ɗebi jinin Inna, muka yi ta jiran sakamako. Likitar da ta duba ta ta yi mana bayani cewa akwai wata 'yar tsoka a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Ita ke fitar da wani sinadari da ke sa jiki ya ƙone abin da aka ci. Ta Inna ta yi rauni, shi ya sa ko ruwa ta wuni sha jikin tarawa yake yi. Inna ta ce, “Ashe murhun na ya mutu, ni ko ina ta rage itace.” Ta sake tambaya, “Likita, ke nan ba ci na ba?” Aka ce mata ba ci ba ne, ciwo ne. Ban taɓa ganin wanda aka ce masa yana da ciwo ya yi farin ciki irin nata ba. Tana hawaye tana dariya, tana ta alhamdulillahi.

Aka ɗora ta a kan wata ƙwayar magani 'yar mitsitsiya, kullum da safe har ƙarshen rai, ita ce nake aika mata ta hannun Malam Garba. Ba zan ce ta koma siririya ba, ba ta koma ba. Amma kumburin ya saɓe, sanyin ya tafi, muryar ta dawo, mu da muka manta faɗanta muka tuna shi.

Da ta koma gida sai ta yi abin da ba mu zata ba. Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, ta aika a gaya wa dangi da maƙwabta cewa ta dawo daga asibiti. Mata suka yi ta shigowa da kwanukan kunu, kowace ta ce, “Sannu Kulu, ya jiki?” Ita kuma ta yaye mayafi ta nuna wuya. Ƙanwata ta ce mata ai ta samu sauƙi, kwanciyar ta mece ce? Ta ce, “Ƙyale ni. Sannun da ba a yi min ba na nika karɓa.” Baba Nomau ya zo daga baya, ya ratso tsakiyar gari da rana tsaka ɗauke da kamunsa na ranar gaba ɗaya, ya dire a ƙofarta. Ya ce, “Kulu, bakina ya yi miki ɓarna, ki yahe min.” Ta ce ta yafe, amma har yanzu kifinsa duk ƙaya ne. Bai zauna gadin wutar ba, ya juya ya tafi, kuma kowa ya ga tafiyarsa.

Da na isa gida zaman makoki na tarar da ƙanwata da maƙwabta suna kwashe kifi daga kan wuta. Ashe zazzaɓin ya kwantar da Inna ne bandarta cike maƙil, har wasu kwandunan suna jiran wuri. Na masuntan garinmu ne, da na tsallaken ruwa, har da wanda aka aiko daga wajen Shanga. Muka aika masu shi su zo su ɗauki kayansu. Suka zo, suka yi ta'aziyya, ba wanda ya ɗauki ko ɗaya. Suka ce a raba shi sadaka, Allah ya kai mata ladan. A nan zuciyata ta kwanta. Mahaifiyata ta bar duniya da amanar mutane a ƙofarta, ba mai gadi.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Hauwa'u, ka gafarta mata, ka sanya wahalar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata mata kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka yafe wa waɗanda suka zarge ta cikin rashin sani, kamar yadda ta yafe musu. Ka ba babanmu haƙurin zama a gidan da ba ita, ka raya mu da jikokinta a kan gaskiyar da ta riƙe. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.