Ragowar Man Birkin Yayana

A shekarar da abin nan ya faru ni direban bas ne a Manchester, ina zaune a Longsight da iyalina, kuma ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da mota. Karatuna bai wuce sakandare ba. Tun ina saurayi na shiga tasha, na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Kano da Jos da Lafiya, na sauko gangaren da ke cinye birki ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Da na zo ƙasar nan na samu aikin bas, kullum ina kai da komo a Stockport Road, ban taɓa goge ko madubin wani ba. Na faɗi wannan ne, Edita, don masu karatu su san ba rashin iya tuƙi ne ya kai ni ga abin da zan faɗa ba.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, injiniya ne a Birmingham, shi ya yi mini hanya na zo. Mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, amma yana da wata ƙaramar mota mai ƙofa biyu da yake ji da ita. Sau biyu ko uku a shekara yakan kai ta abin da suke kira track day, wato ranar da ake buɗe filin tseren motoci ga mutane irinmu, kowa ya zo da motarsa ya yi gudu iya son ransa ba tare da gasa ba. Na sha zolayarsa cewa ya girma da wasan yara. Ya yi wa babbar 'yarsa alkawarin zai ɗauke ta a gefensa ranar da ta shiga uni, wato jami'a. Kafin ranar ta zo ciwo ya kwantar da shi, aka yi kusan shekara biyu ana zaryar asibiti a Edgbaston, sannan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Motar ta zauna a ƙofar gidansa a Perry Barr, lulluɓe da tamfol, babu mai iya kallonta.

Bayan shekara guda yarinyar ta kira ni. Hausarta irin ta 'ya'yan nan ce, har yau “kina” take ce mini kamar mace, na gaji da gyarawa. Ta ce tana so in cika mata alkawarin babanta, domin ni kaɗai ne za ta yarda ta zauna a gefena a wannan motar. Na ce to. Na je na sami mahaifiyarta, matar yayana, na yi mata bayani. Ta miƙo mini makulli ta ce Allah ya tsare. Ban tambaye ta komai game da motar ba, ban ma yi tunanin akwai abin tambaya ba.

Na kawo motar Manchester na kai ta garejin wani abokina ɗan Pakistan a bayan kasuwar Longsight. Na yi niyyar in yi mata gata. Aka sa sababbin tayoyi, aka canza baƙin mai, na sayi sababbin faifan birki masu huji-huji, da fad irin na filin tsere, wato abin da ke matse faifan idan an taka. Na zaɓi waɗanda suka fi kyau a ido, har ina ɗaukar hoto ina tura wa yarinyar. Da aka gama, abokina ya ce saura man birki, a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo mai jure zafi. Na yi dariya na ce masa shekara talatin ina tuƙi ban taɓa ganin an zubar da man birki ba. A wajenmu man birki ƙari ake yi masa. Idan ya yi ƙasa ka ƙara, idan bai yi ba ka bar shi. Ya ce nan ba haka ake ba, na ce birki bai san ƙasa ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce motarka ce, direba.

Akwai abin da ban faɗa masa ba. A cikin but ɗin motar na tarar da wata gora ta man birki, an sha rabinta, murfin ɗaure da leda irin ɗaurin yayana. Na san hannunsa ne ya buɗe ta. Man da ke cikin motar ma shi ya zuba. Sai na ji ba zan iya tsayawa ina kallo ana tsiyayar da shi cikin bokiti ba. Na buɗe bonet da kaina na ƙara daga wannan gorar har ya kai layi, na ji kamar na yi wani abin kirki.

Ranar ta zo, Asabar ce mai rana. Na ɗauko yarinyar daga Perry Barr muka nufi wani fili da bai kai awa guda daga Birmingham ba. Aka tara mu aka yi mana bayanin tutoci da ƙa'idoji, aka ce a ƙarshen kowane zagaye na gudu mutum ya yi kewaye ɗaya a hankali don birki ya huce. Na saurara da kunne ɗaya. Zagayen farko ni kaɗai na shiga don in san hanya. Da farko ina lallaɓawa, sai na ga motar tana amsawa, sabon fad ɗin yana kamawa kamar an ɗaure ta da igiya, na fara jinkirta taka birki har sai na kusa kwana. Da aka ɗaga tutar tashi ban yi kewayen hucewar ba, na shigo wajen ajiye motoci kai tsaye don ina ɗokin faɗa wa yarinyar. Na tsaya, na ja hambirki kamar yadda na saba. Ƙauri yana tashi daga tayoyin gaba. Na ɗauko gorar ruwa na kwarara wa faifan, kamar yadda muke yi wa manyan motoci a gindin gangare, ya yi cuu, tururi ya tashi.

Wani dattijo Bature da ya ajiye motarsa kusa da mu ya taso da sauri yana ɗaga hannu. Ya ce kada in sake, faifan zai iya tsagewa. Ya tambaye ni yaushe rabon da a canza man birkin. Yadda ya yi maganar a gaban yarinyar ya sosa mini rai. Na ce masa an duba komai a gareji, na gode. Ya kalle ni ya koma wajensa. Yarinyar kuwa tana ta tsokanata, wai ta ga yadda nake shiga kwana kamar akwai tsohuwa a tsaye a bayan bas, wai ko in kunna sigina in tsaya in ɗauki fasinja. Na ce ta sa hular kwano ta shigo ta gani.

Da muka hau hanyar tseren na ji fedar birkin ta ɗan yi laushi, ta sauka ƙasa fiye da ɗazu. Na ji, ba zan ce ban ji ba. Na ce wa kaina sabon fad ne yake zama. Kewaye na farko da na biyu tana dariya tana buga gwiwa, irin dariyar da rabona da jinta tun kafin rashin lafiyar babanta. Wannan ya sa na ƙara taka totur. A kewaye na huɗu, a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, inda kwana mai tsanani take zuwa dama, na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Motar ba ta rage komai ba.

Abin da na yi bayan nan ba tunani ba ne, jiki ne ya tuna. Na yi ta famfon fedar da sauri, na sauko da giya ɗaya, na sake saukowa, injin yana kururuwa. Birkin ya ɗan kama kaɗan. Na san ba za mu sha kwanar ba, sai na riƙe sitiyari a miƙe muka faɗa cikin tsakuwar da aka zuba a gefe don irin wannan. Tsakuwa ta yi ta dukan ƙarƙashin motar, muna tafiya muna nutsewa, har muka tsaya. Tsakaninmu da katangar tayoyi bai fi tsawon mutum a kwance ba, kuma ɓangarenta ne ya fi kusa. Na kashe mota. Ban iya juyawa na kalle ta ba sai da na ji muryarta.

“Baffa, kina lafiya?”

Ban gyara mata ba. Na ce lafiya lau, ke fa. Ta ce babu abin da ya same ta. Na kifa kaina a kan sitiyari ina ta hamdala.

Da aka janyo mu, dattijon nan ne ya fara zuwa. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya buɗe bonet, ya zuƙo man da wani ɗan sirinji ya nuna mini, baƙi kamar shayin da ya kwana. Ya yi mini bayani a hankali cewa man birki yana shan laimar iska ko da mota tana ajiye, gorar da aka buɗe ma haka. Idan ya sha ruwa, zafi kaɗan ke tafasa shi, ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuwa ba ya tura komai. Ya ce sabon fad ɗin da na saya ya ba ni damar taka birki da ƙarfi, zafin ya ƙaru, ya tafi inda ya fi rauni. Tsayawar da na yi ba tare da hucewa ba ta bar zafin ya ratsa man. Ya haska mini faifan hagu, ga siririyar tsaga daga ɗaya daga cikin hujin, inda na zuba ruwa.

A motar janwe muka koma Perry Barr da la'asar. A hanya yarinyar ta ce mu ce wa Mama injin ne ya lalace. Na so in yarda, Allah ya sani. Amma da matar yayana ta buɗe ƙofa ta ga motar a kan janwe da tsakuwa a tayoyinta, sai na tsaya a bakin ƙofar na faɗa mata komai, har da gorar. Ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu ta dudduba, ta shiga ciki. Na ɗauka ba za ta sake fitowa ba. Ashe sujada ta je ta yi. Ta dawo ta ce in shigo in zauna, ta kawo mini ruwa, sannan ta yi magana ba tare da ɗaga murya ba.

“Baffan yara, ai duk lokacin da zai je filin nan sai ya zubar da man nan ya sa sabo. A nan ƙofar gida. Ni nake zama a ciki ina taka masa feda, yana cewa danna, riƙe, saki. Ragowar ma zubarwa yake yi, wannan ciwo ne ya hana shi. Da ka tambaye ni.”

Abin da na riƙe a matsayin girmama yayana, shi da kansa da yana nan da ya jefa shi a shara. Kuma wadda ta san haka tana zaune a gabana ranar da na karɓi makulli. Ta ce ya wuce, Allah ya kiyaye gaba, ta zubo mini abinci ta tsaya sai da na ci.

Har yau idan na tuna tazarar da ke tsakaninmu da katangar nan sai in gode wa Allah. Yarinyar tana shekararta ta ƙarshe a uni, lafiyarta ƙalau. Na rubuto ne saboda na ga 'yan'uwanmu matasa a nan sun fara sha'awar zuwa irin waɗannan filaye. Kafin ku sayi faifai mai ƙyalli, ku zubar da tsohon man birki ku sa sabo mai jure zafi, daga gorar da ba a taɓa buɗewa ba. Ku yi kewayen hucewa, kada ku ja hambirki a kan birki mai zafi, ku bar motar a giya, kuma kada ku zuba masa ruwa. Idan feda ta yi laushi ko kaɗan, ku fito daga hanyar tseren a take, ko wa ke dariya a gefenku. Mu kuma da muka koyi tuƙi a gida, abin da ya fisshe mu a can ba lallai ya fisshe mu a nan ba. Wanda aka bar wa kayan mamaci, ya zauna da waɗanda suka rayu da shi ya tambaye su yadda yake yi da kayan, tun kafin ya ɗauki ɗan wani a ciki.