Gwangwanin Yaya Alhaji

Shekarar da soja suka koma bariki, ina aikin wanke kwalabe a wani ɗakin bincike inda ake haɗa sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Kulorokwin ya riga ya zama alewa, cutar ta saba da shi. Shekara uku ina kallon masana suna gauraya hoda da ruwa, a gwada, ya ƙi, a zubar, ni in wanke. Na san wahalar da ke cikin ƙwaya ɗaya.

A gidanmu na Agege kuwa akwai wanda ya fi su sani, wai: yayan mijina, Alhaji, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Duk maganin da ya shigo gidan sai ya faɗa gwangwaninsa na madara, shi ke rabawa. Dokarsa ita ce da jiki ya yi sanyi a ajiye saura don mai ciwon gaba. Likita ke nan, wanda ko a banki yatsa yake dangwalawa!

Da zazzaɓi ya kayar da 'yata mai shekara biyar, shugabarmu a wurin aiki ta samo mini wani sabon magani na kwana bakwai. Ta ce, "Ko ta tashi tana tsalle ki ƙarasa mata. Ƙwayar cutar da ta rage a jini ita ce mai taurin kai."

Mijina ya karɓe ya kai wa yayansa, kamar kullum. Rana ta uku yarinya ta ci tuwo, Alhaji ya rufe gwangwani.

Na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah saura kwana huɗu."

"Ke, wankin kwalba ya mai da ke dokita, abi? Yarinya ta warke ki ce a yi almubazzaranci?"

Mijina na gefe yana sosa ƙeya, ragon banza. Ni ma kunya ta hana ni gaya wa shugabar tamu.

Bayan kwana goma ciwon ya dawo da jijjiga. Muka shiga danfo, motar haya, za mu asibiti; kafin mu wuce unguwar Iyana Ipaja yarinya ta cika a cinyata.

Ranar sadakar bakwai ina kwance a tabarma ina rawar sanyi, sai ga shi da gwangwaninsa. Ya zazzago ƙwaya huɗu a tafinsa ya miƙo mini.

"Ungo, sauran na marigayiya ne. Kin ga amfanin ajiya ko?"

Na karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mana. Wallahi har yau na tsani hannayen nan.