Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Duk shekara in Layya ta matso, kawuna yakan sauko daga Arewa da kamyo, babbar mota, cike da raguna, ya sauke su a bakin layinmu a Zongo. Raguna kawai. Tunkiya kuwa, ko za a yanka shi ba ya sayarwa, don ita ce garken. Kowace dabba ta gidan kakanmu tana da shaida, tsaga biyu a kunnen hagu, saboda in garkuna sun cakuɗe a bakin rijiya kowa ya gane nasa.

Ni a Kwatano aka haife ni, tuwo nake sayarwa, ban taɓa bin garke ba. Amma na san kunnen nan kamar yadda na san fuskar uwata.

A shekarar da nake ba da labari, na fito ina masa tsiyar ya makara, sai idona ya faɗa kan abin da ake saukewa. Tumaki ne mata, haƙarƙari duk a waje, wasu ma da ciki.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Abin da ya rage ke nan," in ji shi.

Ya ce rabin makiyayar an nome, sauran ta zama faƙo, burtali kuma an toshe. Ciyawa na tsirowa dabbobi sun lashe, ba ta samun zubar da iri. Wanda ya ƙi sayarwa, mushe zai yi ta ja.

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wanda zan zaga. Kafin mahauta su gama zaɓe na fizgi wata tunkiya uda mai ciki, gabanta baƙi bayanta fari, na ɗaure ta kusa da murhuna. Na rantse irin gidanmu ba zai ƙare a tukunyar masu abincin unguwar Jonquet ba.

Sai dai dabbar tudu ce, ba ta san laima ba. Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a tsakar gida, kofatonta suka ruɓe, tari ya kama ta. Ina ba ta dusa da ɓawon rogo, ina juya baya ta ci leda. Da ƙyar ta haifi mace, ba ta ƙara tashi ba. Na yi kuka sosai, maƙwabta na mini dariya. Da madarar gwangwani na raini 'yar.

Kawu bai koma Arewa ba, gadi ya samu a wani gida a unguwar Cadjèhoun. Da 'yar ta yi ƙwari na rungume ta a kan zemijan, babur ɗin haya, na kai masa ita da sabuwar reza.

"Kawu, yi mata shaidar gida."

Ya daɗe yana shafa kunnen da babban yatsa.

"Ɗiyata, ana tsagawa ne don kada taka ta ɓace cikin na jama'a. Wannan cikin na wa za ta ɓace?"

Ya miƙo mini rezar a takardarta. Har yau tunkiyar tana bayan ɗakina, kunnenta lafiya lau, kuma ba na son kallonsa.