Ganyen da Ya Buɗe Ido a Randar Kaka

Ko zan manta komai na zamana a Dakoro, ban da bazarar da aka bar mini renon 'ya'yan tsaka. Yayana ne ya jawo mana. Yana aiki a Kwatano wurin wani mai kiwon ƙananan dabbobi, ya zo gida da ƙwan tsaka cikin gwangwani don babu mai duba masa su can, suka ƙyanƙyashe a ɗakinmu. Da zai tafi Azagor gaishe da dangi, ni ya ɗora wa.

Ba irin tsakarmu ta bango ba ce. Jelarsu fale-fale take kamar busasshen ganye, kuma zafi kashe su yake. Sai muka sa su cikin tsohuwar randar Kaka a bayan ɗaki, da jiƙaƙƙen yashi da ɓawon itace, muka rufe da faifai. Safe da yamma ina yayyafa ruwa su lasa, in kamo musu ƙananan gyare.

Ban taɓa buɗe randar nan gabana bai faɗi ba. In leƙa, ba komai sai ɓawo da ganye. Can sai ganye ɗaya ya buɗe ido, ya fiddo harshe ya lashe idon, yana kallona. Sai na biyu. Ashe tun ɗazu duk ni suke kallo.

Wata rana da azahar muka ji salatin Kaka. Ta ga randa jiƙe, ta ɗauka ruwa ne, ta zura hannu da moɗa. Ɗaya ta manne mata a wuyan hannu, ta wangale jan baki, ta yi wata ƙara siririya irin ta jinjiri.

A wurinmu kowa ya tashi da jin cewa tsaka kuturta take sawa. Kaka ba ta yi faɗa ba, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Ta naɗe hannun da tsumma, ta ware akushinta da moɗarta, ta koma ƙuryar ɗaki. In jikoki suka matso sai ta ce, "Ku ja da baya, ni tawa ta ƙare." Lokotoron asibiti ya duba hannun ya ce ko ƙwarzane babu. Ta ce, "Mi ya sani? Ganye mai ido ba dabba ba ne, aiko ne." Abinci ya gagare ta, tana ta ramewa muna kallo.

Da na ga za mu rasa ta, na ɗauko tsaka ɗaya, na zauna gabanta. Na bar ta ta hau hannuna, sanyin ƙafafunta har cikin raina. Na mayar da ita, sannan na tsoma hannun nan cikin akushin Kaka na yanko tuwo na ci.

"Ke! Hauka kike, ɗiyar nan?"

Na ce, "Kaka, in kuturta ce, mu yi ta tare."

Ta daɗe tana kallon yatsuna, hawaye na zuba. Sannan ta kwance tsumman ta sa hannu. Muka cinye tas.

Yayana na dawowa ta sa ya kwashe 'ya'yan tsakarsa, randar ma ta ce a fasa. Ni dai tun ranar na gane, wanda tsoro ya kama ba bayani yake nema ba. Wanda zai zauna ya ci da shi yake nema.